Gidan Zoo, Wonderland da Disney: Abin da ya kamata ku sani kan rigimar sauya wuraren wasa

A Garo ko Kabo ko Gwarzo, idan Sallah ta kwana ɗaya ko biyu, za ku ga motoci sun kwaso yara da sababbin ɗinkuna sun nufi birnin Kano. Da yawansu Gidan Zoo za su. Wanda bai samu zuwa ba kuwa zai sha labari har a koma makaranta. Shi ya sa da aka ce za a tayar da gidan daga inda yake a shekarar 2020, maganar ba ta tsaya kan mutanen cikin Kano kaɗai ba. Irin wannan rigima ana yin ta a ko'ina, har kamfanin Disney na Amurka, wanda ya fi kowa suna a wannan harka, ya ɗanɗana ta.

Wane irin wuri ake magana a kai?

Wuraren shaƙatawa da ake biyan kuɗi a shiga iri-iri ne. Akwai gidan namun daji, inda kallo ne ya kai ku. Akwai filin wasa mai lilo da majaujawa da jirgin ƙasa na yara da ƙananan motoci masu karo da juna. Sai kuma wani iri da ba mu cika sani ba a nan, wato filin wasan da aka gina kan labari. A irinsa, kowane lilo da kowane gini yana da alaƙa da wani fim ko wata tatsuniya, har ma'aikatan ma shigar mutanen cikin labarin suke yi. Disneyland da aka buɗe a jihar Kalifoniya a 1955 shi ne ya fi shahara.

Mu a Kano, Gidan Zoo ne ya tattara mana kusan duka: kallon zaki da kura da jimina, inuwar bishiyoyi, masu hoto, da wurin da yara za su yi guje-guje ba tsoron mota.

Me ake nufi da sauya wa wuri suna da kama?

Wani lokaci mai wuri yakan ga kasuwa ta ja baya, ko wurin ya koma hannun wani, ko sunan ya jawo surutu. Sai ya canja allon ƙofa da launin fenti da tambari, ya fito da wurin kamar sabo. Wani lokaci kuma ba ya taɓa sunan, sai dai ya cire wani abin wasa da aka saba da shi ya kafa wani. Mafi girma shi ne a ɗauke wurin ɗungurungum a kai shi wani gari.

Sauyin suna shi ne mafi sauƙi, domin jama'a sukan yi biris da shi. Filin wasan nan na Abuja da ke kusa da babban filin ƙwallo, Wonderland aka san shi tun buɗe shi, daga baya ya koma Magicland, amma har yau za ku ji wanda ya je yana yaro yana kiransa da sunan farko. A titin Zoo ma haka ne. Kantin Shoprite ya bar Ado Bayero Mall a watan Janairun 2024, amma ku tari mai Adaidaita Sahu ku ce Shoprite za ku, ba zai tambaye ku ina ne ba. Shi kansa Gidan Zoo a takarda sunan Audu Baƙo yake ɗauke da shi, sai dai ba kasafai za ku ji an faɗi haka a baki ba.

To me ya faru da Gidan Zoo?

Audu Baƙo, kwamishinan 'yan sanda da ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya gina gidan a farkon shekarun 1970. A lokacin wurin bayan gari ne. Yau gidaje da shaguna da ofisoshin 'yan fim sun yi masa zobe, titin da ya bi ta gabansa kuma yana cikin mafiya cunkoso a Kano.

A 2020 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sanar cewa za a mayar da gidan Tiga, a ƙaramar hukumar Bebeji. Hujjarta ita ce gari ya cimma wurin, hayaniyar mutane da ta ababen hawa tana takura wa dabbobi, kuma zaman namun daji a tsakiyar jama'a yana da haɗari. Kada ku yi saurin cewa hujjar wofi ce. A watan Oktoban 2019 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa a cikin gidan, aka yi ta fama kafin a mayar da shi, bayan ya yi wa awakin da ke wurin ɓarna. Mutanen unguwannin da ke kewaye ba su yi barcin kirki ba a kwanakin.

Duk da haka jama'a ba su karɓi maganar hannu biyu ba. A gidajen rediyo da Facebook tambaya ɗaya aka yi ta maimaitawa: idan an kwashe dabbobin, filin fa, me za a yi da shi? Lokaci ne da ake ta ce-ce-ku-ce a Kano kan yanka filayen gwamnati ana gina shaguna, don haka mutane da yawa suka ɗauka nan ma plaza ce za ta tashi. Masu kula da muhalli suka ƙara da cewa manyan bishiyoyin gidan suna cikin 'yan kaɗan da suka rage a tsakiyar birnin, su ke rage zafi, su ke tace hayaƙin motoci. Wasu kuma suka ce a duba makomar abin da Audu Baƙon ya gina a can yankin: otal ɗin Rock Castle na Tiga ya daɗe a yashe, na Bagauda kuma ya koma makarantar horar da lauyoyi. Idan waɗannan ba su riƙe masu yawon buɗe ido ba, me zai sa a yi zaton gidan dabbobi zai riƙe?

Ganduje ya sauka a ranar 29 ga Mayun 2023, Gidan Zoo yana nan inda yake.

Me ya sa mutane ke jin zafin abin haka, alhali ba nasu ba ne?

Wataƙila ku ce, mai abu ya taɓa abinsa, ina ruwan wani? A takarda haka ne. Amma wurin wasa ba kamar shagon atamfa yake ba, da za ku saya ku fita ku manta. Abin da kuke biya a ƙofa kuɗin tunawa ne. Uban da ya kai ɗansa gaban kejin kura, rabin daɗin da yake ji na tuna ranar da nasa uban ya ɗaga shi a kafaɗa a daidai wurin ne. Idan aka rushe kejin, ɗan bai yi asarar komai ba, uban ne ya yi.

Akwai kuma rashin shawara. Galibi a rediyo mutane ke fara jin labari, bayan an riga an gama magana. Ku tuna shataletalen gaban Gidan Gwamnati da aka gina don cikar jihar Kano shekara 50 a 2017. Cikin dare aka rushe shi a watan Yunin 2023, gari ya waye mutane suka ga tarin ƙasa. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce tsayinsa yana tare gani kuma yana da matsala ta fuskar tsaro, daga baya ta sanar za a sake gina irinsa a wajen gadar Na'ibawa. Da an faɗi haka tun kafin katafila ta iso, da surutun bai kai yadda ya kai ba. Nan ba wurin wasa ba ne, amma amare da anguna da 'yan makaranta da yawa suna da hoton da suka ɗauka a gabansa, kuma irin zafin ɗaya ne.

A gaskiya kuma, a Kano siyasa ba ta barin irin wannan magana ta tafi ita kaɗai. Wani yana kukan bishiya ne tsakani da Allah, wani kuwa launin hularsa ne ke kuka. Sai kun saurara da kyau kafin ku bambance.

Yaya abin yake a ƙasashen da suka fi mu wuraren wasa?

Misali mafi kusa shi ne wani abin wasa na Disney mai suna Splash Mountain, wanda aka buɗe a Kalifoniya a 1989, aka yi irinsa a jihar Fulorida a 1992. Mutane suna zama cikin wani kwale-kwale mai siffar gungumen itace, ruwa ya ja su ta cikin wani dutse na gini, suna wuce gumakan dabbobi masu motsi da waƙa, a ƙarshe kwale-kwalen ya sulalo daga tsayin kusan mita 15, kowa ya jiƙe sharkaf. Labarin da aka gina shi a kai na wani zomo ne mai wayo irin na Gizo, kuma asalin tatsuniyoyin daga bakin bayin da aka kwasa daga Afirka suka fito.

Matsalar ita ce fim ɗin da aka ɗauko shi, Song of the South na 1946, an daɗe ana sukarsa da cewa ya nuna rayuwar baƙar fata a gonakin kudancin Amurka kamar wani zaman jin daɗi. A watan Yunin 2020, ana tsakiyar zanga-zangar kisan wani baƙar fata mai suna George Floyd, Disney ya ce zai sauya wurin ya koma kan labarin Tiana, baƙar fata ta farko a jerin gimbiyoyin finafinansa.

Masoya suka rabu biyu, kowane ɓangare da takardar kokensa a intanet, ana ta sa hannu. Wasu suka ce dama an makara. Wasu suka ce yaron da ke hawa bai ma san akwai fim ɗin ba, don me za a taɓa masa abu? Ranar ƙarshe a Fulorida, a watan Janairun 2023, mutane suka yi sa'o'i a layi don hawan ban kwana, wasu har suka ɗebi ruwan a kwalabe suka sa a kasuwar eBay. Disney bai fasa ba. Ya buɗe sabon a Fulorida a watan Yunin 2024, na Kalifoniya a Nuwamba, kuma layi bai yanke ba. Kwale-kwalen da hanyar ruwan da gangaren duk na da ne, labarin kawai aka sauya.

Wa abin ya fi shafa, kuma me zai ci?

A Amurka, inda tikitin yini ɗaya a Disney yakan haura dala 100, masu hali ne ke jayayya kan wane labari suka fi so. A nan kuwa maganar ta fi shafar aljihun talaka. Ku ɗauki magidanci a Garo mai 'ya'ya biyar. Yanzu mota ɗaya zai hau ta hanyar Gwarzo ta sauke shi a Kabuga, ya tari Adaidaita Sahu zuwa titin Zoo, su yini, su dawo gida kafin isha'i. Da an koma Tiga, galibi sai ya shigo Kano tukuna, ya sake neman motar hanyar Zariya, ya yi wata tafiyar da ta kai ko ta fi wadda ya riga ya yi. Da tsadar mai tun bayan cire tallafi a 2023, wannan yawon Sallar ya fita daga lissafinsa ke nan. Makarantun firamare da Islamiyyu masu haɗa kuɗi su ɗauki bas su kai ɗalibai, su ma haka.

Sai masu cin abinci a bakin ƙofa: mai hoto, mai rake, mai balan-balan, mai ruwan leda, da 'yan Adaidaita. Kuɗin da ke yawo a wurin ba kaɗan ba ne. Kun tuna labarin da ya karaɗe duniya a watan Yunin 2019, wai goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 a Gidan Zoo? Daga baya gwamna da kansa ya ce babu ma goggon biri a gidan, aka sa a yi bincike. An sha dariya, amma ku lura da adadin: kuɗin ƙofa ne na kwanakin Ƙaramar Sallah, daga hannun iyaye irinku.

Su ma dabbobin suna da nasu haƙƙin, kuma a nan masu son a tashi suna da gaskiya. Zaki a ƙaramin keji kusa da ƙarar janareto ba ya cikin walwala. Sai dai ɗaukar manyan dabbobi aiki ne mai tsada da haɗari, sai da likitoci da allurar sa barci da kejin tafiya, kuma dabbar da ba a ciyar da ita da kyau a Kano ba, sauyin gari ba zai ƙosar da ita ba.

Koken jama'a yana hana a yi?

Wani lokaci yana hanawa. A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina ƙauyen fim a Kofa, shi ma a Bebeji, malamai da jama'a suka yi ca, aka janye. Ko kuna ganin an yi daidai ko an yi asara, ya nuna murya tana da nauyi idan abin na gwamnati ne, domin mai mulki yana tuna akwatin zaɓe. Ɗan kasuwa kuwa ƙofa yake kallo. Muddin ana sayen tikiti, zagi a Facebook ba ya hana shi barci.

A ganina, abin da ya fi barazana ga wuraren wasanmu ba sabon suna ba ne, sakaci ne. Wurin da aka bari lilonsa ya yi tsatsa, kejinsa ya zama kango, ranar da aka zo sayar da shi ba mai tsaya masa, don an riga an daina zuwa.

Me ya kamata ku tambaya idan maganar ta sake tasowa?

Za ta iya tasowa, domin filin yana nan a tsakiyar gari kuma darajarsa kullum hawa take. Idan kun ji, kada ku tsaya kan "a bari" ko "a tashi". Ku tambaya ko an gama gina sabon wurin kafin a rufe tsohon. Ku tambayi abin da za a yi da tsohon filin, a rubuce, da sunan wanda zai karɓa. Idan aka ce lambu zai zama, bishiyoyin su tsaya, kowa ya shiga, wannan magana ce da za a iya zama a kanta. Ku tambayi kuɗin shiga da na mota, ku lissafa da yawan 'ya'yanku. Kabo da Gwarzo kowacce tana da ɗan majalisa a majalisar dokokin jiha, kuma gidan na gwamnatin jiha ne, don haka su ne ya kamata su kawo muku amsa. Ku kai musu tambayar tun ana shawara, kada ku bari sai an kafa allon ɗan kwangila.