Ƙullin Tsoka: Ciwon Wuya Da Kafaɗa Mai Hana Uwargida Sakat

Yau za mu tattauna ne a kan ciwon da ya zama ruwan dare a gidajenmu, tun daga Ringim da Taura da Jahun har Dutse, wato ciwon nan na wuya da kafaɗa da gadon baya, wanda ake sha wa magani ya lafa yau, jibi ya dawo. Wata ta ce sanyi ne, wata ta ce iska ce, wata ma har ta fara zargin abokiyar zama da sammu. Sau da yawa kuwa abin da likitoci ke kira mayofashiyal ne, mu kuma bari mu kira shi ƙullin tsoka.

Idan kina yanka nama, ai kina ganin wani farin tantani da ya lulluɓe tsokar. To, mu ma haka jikinmu yake. Idan tsoka ta sha aiki iri ɗaya ba hutu, sai wani ɗan sashe nata ya ɗaure ya ƙi sakewa. In kin laluba da yatsa za ki ji wurin ya yi tauri kamar igiya, da ɗan ƙulli kamar ƙwayar gyaɗa, in kin danna kuma ki ji zafi har ranki. Abin mamakin shi ne ƙullin yana nan, zafinsa yana can. Wanda ke saman kafaɗa yakan aika zafi gefen wuya da bayan kunne har gefen goshi, sai uwargida ta yi ta shan maganin ciwon kai a banza. Wata likita ce a Amurka, Janet Travell, wadda ta zama likitar Shugaba Kennedy a 1961, ta yi fice wajen bayyana wannan, kuma ita da David Simons suka fitar da babban littafi a kansa a 1983.

Me ke kawo shi? Ki dubi wuninki. Daka da surfe, jan guga a rijiya, tuƙin tuwo, matsar man gyaɗa, wanki a sunkuye, ga goyo a baya. Mai ɗinkin hula kuwa takan yi awa biyu kanta a duƙe. Ga damuwa da ƙarancin barci, waɗanda ke sa kafaɗu su ɗaure ba ki sani ba. Ƙarancin jini da ƙarancin bitamin D, wanda fata ke haɗawa idan rana ta taɓa ta, su ma sukan sa ciwon ya daɗe.

To, ina mafita? Ga abubuwa huɗu da za ki iya yi ba tare da kin taka ƙofar gida ba.

Na farko, gashi. Ki tsoma tawul a ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, ki matse ki ɗora a wurin na minti 15 zuwa 20.

Na biyu, dannawa. Ki shafa man kaɗanya, ki nemo ƙullin, ki danna da babban yatsa daidai yadda za ki iya jurewa, na rabin minti zuwa minti ɗaya, sannan ki saki. In a baya yake inda hannu ba ya kai wa, ki sa ƙaramar ƙwallo tsakanin bayanki da bango ki jingina, ko 'yarki ta taimaka miki.

Na uku, miƙa. Ki zauna a miƙe, ki karkatar da kunnen dama zuwa kafaɗar dama a hankali, ki ƙirga 30, ki koma hagu. Sau uku kowane gefe, safe da yamma. Ban da fizga.

Na huɗu, sauya yadda kike aiki, don in ba a cire ƙayar ba, ƙafa ba za ta daina zafi ba. Ki ɗora bahon wanki a kan kujera ko turmi, ki riƙa sauya hannu wajen jan ruwa, duk rabin awa kuma ki ajiye allura ki tashi ki zaga tsakar gida, ki sha hantsi.

Sai batun magani, kuma a nan nake so ki kasa kunne. Farasitamol yana rage zafi idan an sha bisa ƙa'ida. Amma ibufurofen da dikilofenak ba na kullum ba ne. Suna iya jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, kuma mai juna biyu ko mai olsa ko hawan jini kada ta sha sai da izinin likita. Don Allah ki daina aiken yara su sayo haɗin nan na ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda ba suna, haka ma taramol, domin yana kama mutum. Tsaga da sakiya ba sa kwance ƙulli, sai dai su bar tabo, aska ɗaya ga mutane da yawa kuma hanyar ɗaukar ciwon hanta ce. Akwai allurar da ake yi a cikin ƙullin kansa, amma aikin ƙwararre ne a asibiti, domin in ta zarce a saman baya tana iya huda huhu.

Idan kin yi mako biyu ba sauƙi, ki nemi izinin maigida ki je Babban Asibitin Ringim. In da buƙata za a tura ki wurin masu gashin ƙashi, wato fisiyo, a asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Amma in ciwon ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko hannu ya yi sanyi ya daina ɗaukar kaya, ko ƙirji ya riƙe da sarƙewar numfashi, kada a jira ko kwana ɗaya, wannan wata magana ce daban.

Maigida, in kana kusa da akwatin rediyo, wannan ciwo ba raki ba ne, ko da hoton asibiti bai nuna komai ba, domin ƙullin tsoka ba ya fitowa a hoton ƙashi. A taimaka da kuɗin kai niƙa inji, yara kuma su karɓi guga.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.