Ana Fasa Dutse a Jafura, Ana Lissafi a Kurayyat

A watan Yunin 2014 ana sayar da gangar ɗanyen mai sama da dala 100. A Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Mu mazauna Kurayyat, nan kudancin Jidda, a aljihu muka fara jin labarin. Litar fetur mai lamba 91 ta tashi daga halala 45 zuwa 75 a ƙarshen 2015, sannan ta haye riyal 1.37 a Janairun 2018, watan da harajin sayen kaya na kashi 5 cikin 100 ya shigo, kuɗin wuta kuma ya ninka. Mafi ciwo shi ne kuɗin murafiƙin da aka ɗora wa baƙi a Yulin 2017: riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamar maigida, yana hawa duk shekara har ya kai 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya biyar sai ya yi lissafi da kansa. Na ga magidanta sun raka iyalansu filin jirgi, da yaran da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa ganin damina a Kano ko Maraɗi ba.

Dalilan waɗannan matakai suna da yawa, har da burin gwamnati na sama wa 'yan ƙasa aiki. Amma wanda ya bi sawun giɓin da ya buɗe a baitulmalin Saudiyya, sawun zai kai shi jihohin Texas da Dakota ta Arewa a Amurka. Can ne aka ƙware a wata dabarar haƙo mai da ake kira firakin, wadda ta ɗaga man da Amurka ke haƙowa daga kimanin ganga miliyan 5 a rana a 2008 zuwa sama da miliyan 9 a 2015. Kasuwa ta cika ta batse. Da ƙungiyar OPEC ta zauna a Biyana a Nuwamban 2014, ministan man Saudiyya na lokacin, Ali al-Na'imi, ya ƙi yarda a rage haƙowa, farashi kuwa ya ci gaba da gangarawa. Najeriya ma ta sha nata rabon, don a 2016 tattalin arzikinta ya durƙushe, naira ta zube, kuɗin da muke aikawa gida ya yi auki a takarda amma bai sayi abin kirki ba a kasuwa.

Ga yadda aikin yake. A rijiyar mai ta gargajiya, man yana kwance cikin dutse mai ƙofofi, da an huda sai ya taso. Akwai kuma matsattsen dutse da ya riƙe mai da gas bai saki. Shi wannan sai a haƙa ƙasa kilomita biyu ko uku, a lanƙwasa bututun ya bi jikin dutsen a kwance, sannan a tura ruwa haɗe da yashi da 'yan sinadarai da matsanancin ƙarfi har dutsen ya tsattsage. Yashin ya maƙale cikin tsagar ya hana ta rufewa, gas ya samu hanya. Wani attajiri ɗan Texas, George Mitchell, shi ne kamfaninsa ya nuna a ƙarshen shekarun 1990 cewa ana iya cin riba da fasa irin wannan dutse. Rijiya guda tana shan ruwa lita miliyan 10 ko fiye, wato ɗaruruwan motocin dakon ruwa na wayit irin waɗanda muke bin layinsu idan famfo ya ɗauke. Wani kaso na ruwan yana dawowa sama, da gishiri da dauɗar ƙarƙashin ƙasa, kuma dole a san inda za a kai shi.

Kusan duk rigimar da ake yi a duniya a kan wannan ruwan take. Faransa ta haramta dabarar a 2011, jihar New York ta bi sahu bayan 'yan shekaru. A Ingila an dakatar da ita a Nuwamban 2019, bayan girgizar ƙasa mai ƙarfin 2.9 a kusa da Blackpool, inda ake gwajin wata rijiya. Jihar Oklahoma, da ba a san ta da girgizar ƙasa ba, ta ga mai ƙarfin 5.8 a Satumban 2016, masana kuma suka ɗora laifin kan gurɓataccen ruwan da ake turawa cikin ƙasa. Duk da haka Amurkawa sun rabu gida biyu, domin wanda ake biya kuɗin hayar gonarsa da wanda rijiyar gidansa ta lalace maƙwabtan juna ne. 'Yar siyasar Amurka Kamala Harris ta ce a 2019 za ta hana firakin, da ta zo neman ƙuri'un Pennsylvania a 2024 sai ta ce ba za ta hana ba.

Misalin da ya fi kama da namu yana In Salah ne, cikin saharar Aljeriya, kan hanyar da ke gangarowa Tamanrasset. A farkon 2015 mutanen garin, maza da mata, suka mamaye dandali suka yi watanni suna zaman dirshan saboda rijiyar gwaji da kamfanin Sonatrach ya haƙa kusa da su. Manoman dabino ne, ruwansu na ƙarƙashin ƙasa ne wanda ya taru tun zamanin da hamada ba ta bushe ba, kuma ba ya sabuntuwa. Wanda ya san hamada ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Yanzu ga Saudiyya, ƙasar da firakin ya girgiza tattalin arzikinta, tana firakin da kanta. Tun 2018 kamfanin mai na Aramco ke fitar da irin wannan gas a arewa, wajen Turaif, don birnin masana'antu na Wa'adus Shamal. Babban aikin shi ne Jafura, a lardin Gabas, kudu maso gabashin filin mai na Gawar: fili mai tsawon kilomita 170 da faɗin 100. A Fabrairun 2020 aka sanar za a zuba masa dala biliyan 110. Kamfanin ya ce akwai gas ƙafa tiriliyan 229 a ciki, yana kuma fatan fitar da ƙafa biliyan 2 a rana nan da 2030. Hujjarsa mai ƙarfi ce, ban raina ta ba. Ƙasar nan tana ƙona ɗanyen mai da baƙin mai don ba da wuta da tace ruwan teku, musamman a watannin zafi da kwandishan ba ya hutawa. Tashar Shu'aiba da ke shayar da Jidda da Makka tana cikin masu wannan ƙuna. Gas ya fi tsabta, man da aka tsirar kuma a sayar da shi waje. Game da ruwa, shugaban kamfanin, Amin Nasir, ya ce da ruwan teku za su yi aikin, ba za su taɓa na ƙarƙashin ƙasa ba.

To me jama'a ke cewa? A majalisar da muke zama bayan isha'i, in ka ta da zancen, tambayar farko ita ce ko kuɗin wuta zai sauka, ta biyu ko akwai aikin direba. Wani kawuna da ya tsufa a tuƙin wayit yakan ce da ni, "Kai yaro, Jafura ta fi kilomita dubu daga nan, iƙamata kuwa saura wata biyu." Ban ga laifinsa ba. Ɗan ƙasa ma ba kasafai zai yi maka zancen ba, in ya yi to da alfahari ne. Sai dai bai kamata a ɗauki wannan shirun a matsayin ƙuri'ar amincewa ba. An haramta zanga-zanga a ƙasar tun 2011, babu majalisar da aka zaɓa da za ta kira kamfani ta titsiye shi, baƙo kuwa da kafili a kansa ya san iyakar bakinsa. Mutanen kudancin Jidda sun yi shekara hamsin suna shaƙar hayaƙin matatar man da unguwar Bitrumin ta samo suna daga gare ta, har aka rufe ta a 2017. Da hadad, wato rusau, ya zo a ƙarshen 2021 ya share Gulail da Bitrumin da Karantina, alamar da aka shafa a bango ita ce sanarwar da yawancinmu suka samu. Wanda ya rayu a haka ba ya tsammanin a nemi shawararsa kan rijiyar da ke wancan gefen ƙasa.

Waɗanda zan so in ji ta bakinsu su ne manoman Ahsa, masu dabino sama da miliyan biyu, waɗanda su ne mafi kusa da Jafura. Sun ga idanun ruwansu sun ja baya saboda yawan zuƙa, sun kuma ga gwamnati ta janye daga noman alkama tsakanin 2008 da 2016 don ruwan ƙasa na ƙarewa. Alƙawarin ruwan teku ya amsa rabin damuwar, wato inda ruwan zai fito. Ɗaya rabin, inda gurɓataccen zai koma da kuma ingancin simintin da ke raba bututu da ruwan sha, shi ne ya jawo ƙararraki a Pennsylvania. Ina ganin injiniyoyin Aramco sun san aikinsu, amma kamfanin da shi ke haƙa, gwamnatin da ta mallake shi kuma ita ke sa ido, yana bukatar wani na uku da zai auna ruwa ya faɗi sakamako a fili.

A gida ba a kai ga firakin ba tukuna. Haƙar da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kolmani a Nuwamban 2022, kan iyakar Bauchi da Gombe, ta gargajiya ce, haka ma rijiyoyin Agadem da ke ciyar da matatar Damagaram tun 2011. Amma kowace irin haƙa tana fitar da gurɓataccen ruwa, mutanen Alkaleri da Akko da ke kewaye da Kolmani kuwa suna da abin da mu a nan ba mu da shi: 'yan majalisa, gidajen rediyo, da kotu. Da ni ne a can, zan nemi a auna ruwan kowace rijiya da burtsatse a ƙauyukan da ke kewaye tun yanzu, a ba dagaci kwafin takardar ya ajiye, domin ranar da ruwa ya canza ɗanɗano abu na farko da lauyan kamfani zai tambaya shi ne yadda yake kafin su zo.