Ciwon Cikin Litinin da Alhamis

Yaron ɗan aji biyar ne a wata firamaren gwamnati da nake koyar da lissafi a cikin birnin Kano. Ba ya faɗa, ba ya surutu, sunansa bai taɓa shiga takardar monita ba. Amma wasu ranaku da an dawo daga tara sai ya dafe ciki, ya lanƙwashe a kan benci, gumi na tsattsafo masa a goshi, ya nemi izinin zagayawa. In ya fita kuma sai an kaɗa ƙararrawar tashi.

Mahaifiyarsa ta fara zargin awarar bakin makaranta, ta hana shi kuɗin tara, ta koma ƙulla masa ɗumame. Ciwo bai fasa ba. Aka kai shi asibitin sha-ka-tafi, aka ba shi albendazole na tsutsar ciki, aka gwada maleriya da taifot, babu komai. Kakarsa ta ce iska ce, aka karɓo rubutu. Wani abokin aikina kuwa tuni ya yanke hukunci: lalaci ne, bulala biyu za ta warkar da shi.

Ni gumin nan ne ya tsaya mini a rai. Yaro na iya ƙaryar ciwo, amma gumi da sanyin tafin hannu ba a ƙirƙirar su.

Sai na fara ɗiga alama a rajista duk ranar da ya fita. Litinin da Alhamis ne kawai. Na tambayi uwar ko yana yi a gida, ta ce, "Malam, ranar Asabar fa ƙwallo yake har magariba." Na duba jadawalin darasi: bayan tara a ranakun nan biyu Turanci ne, karatu a bayyane, kowa ya miƙe ya karanta sakin layi, benci bayan benci.

Na ja abokin zamansa gefe. Ya daɗe yana murza bakin rigarsa kafin ya ce, "Malam, ai in'ina yake in ya tashi karatu." Ashe a zangon da ya wuce ya maƙale a kan kalma ɗaya, aji ya fashe da dariya, suka laƙa masa suna Janareto. A darasina gajeriyar amsa ake bayarwa, shi ya sa abin bai taɓa fitowa ba. In'ina takan fara ne tsakanin shekara 2 zuwa 5, ta fi yawa ga maza, kuma tsoro na ƙara ta. Tsoron nan shi ne ke murɗa hanji, don jijiyoyin ciki a haɗe suke da ƙwaƙwalwa. Ciwon na gaske ne.

Saura tambaya ɗaya: ina yake zuwa? Mai gadi ya nuna mini wani kango bayan katanga, inda wasu samari ke shaƙar sholisho. Yaron bai fara shaƙa ba tukuna. Da na tambaye shi me ya kai shi can, ya sunkuyar da kai ya ce, "Su ba sa yi mini dariya." Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma sholisho na nan a teburin kowane mai faci.

Muka shirya da malamar Turanci. Tana ba shi sakin layinsa tun ana gobe, ya maimaita a gida gaban ƙanwarsa. Kafin ya fara yana jan numfashi a hankali sau uku, ba mai katse shi, ba mai ƙarasa masa kalma. In abin ya yi masa yawa, ya ɗora biro a tsaye a kan littafi, malama ta tsallake shi ba tare da kowa ya gane ba. Sunan Janareto aka haramta shi a ajin. In'inar ba ta tafi ba, amma ciwon cikin ya ɗauke, kango kuma ya rasa baƙo.

'Yan'uwana malamai, in yaro ya fara irin wannan fita, ku haɗa rajista da jadawalin darasi kafin ku ɗauko bulala.