Shawara Ga Manoma: Ciwon Kafireto A Injin Ban Ruwa

Da zarar an kawar da gero da dawa da gyaɗa daga gonaki, sai manoman arewacin Kano su gangara fadama. A bakin madatsar Tomas ta wajen Dambatta, da ta Watari ta wajen Bagwai da Bichi, da ta Gari ta ƙasar Kunci, ko'ina sai tumatir da albasa da tattasai da alkama. Ƙasa ce mai yawan jama'a, gonar kowa ƙarama ce, saboda haka lambu shi ke cike wa magidanci abin da damina ta rage.

A da da jigo ake ban ruwa. A shekarun 1980 hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan rijiyoyin tiyo da injunan fetur, sa'an nan shirin Fadama, wanda aka soma a 1993 da taimakon Bankin Duniya, ya ƙara yawansu. Galibinsu Honda GX160 ne, ko kuwa irinsa da ake ƙerawa a ƙasar Sin. Irin injin nan ne ake ɗora wa wasu injunan niƙa, har ma da ƙananan babura na wasa a Amurka. Inji ne mai juriya, amma idan ya tsaya kwana biyu ko uku cikin zafin Maris, tumatir ya yi yaushi, furensa ya zube, wahalar wata uku ta tafi a banza. Sau da yawa kuwa abin da ya tsayar da shi ɗan datti ne a kafireto, wanda bai kai ƙwayar gero ba.

Aikin kafireto

Kafireto, wanda wasu ke kira kabureta, shi ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji su ƙone. In an auna da nauyi, inji yana bukatar kamar kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur. A ƙarƙashin kafireto akwai ɗan ƙoƙo inda fetur ke taruwa. Cikinsa akwai wani abu na roba mai iyo kamar gora a kan ruwa, haɗe da 'yar allura. Idan ƙoƙon ya cika, robar ta taso, allurar ta toshe hanyar mai. A sama kuma akwai maƙogwaro mai ƙunci a tsakiya. Iska in ta iso ƙuncin sai ta ƙara gudu, ta zuƙo fetur ta cikin 'yan ƙananan huda da makanikai ke kira jet. Jet biyu ne: babba na lokacin aiki, ƙarami na lokacin da inji ke tafiya a hankali. Kusan duk ciwon kafireto ɗayan biyu ne, watau ko fetur ya yi kaɗan, ko ya yi yawa.

Alamun ciwo

Idan inji ba ya tafiya sai an bar cok a rufe, an buɗe ya mutu, to fetur ne bai isa ba, kuma galibi babban jet ne ya toshe.

Idan ƙararsa tana hawa tana sauka kamar mai haki, ruwa yana fitowa daga mesa da tsalle-tsalle, sai a zargi ƙaramin jet, ko kuwa gasket ɗin da ke tsakanin kafireto da inji ya yage, iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya.

Idan salansa tana fitar da baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi kamar gindin tukunya, mai kuma yana ƙarewa da wuri, fetur ne ya yi yawa. A fara duba sosan da ke tace iska, domin ƙurar hunturu takan liƙe shi. A duba kuma ko an manta cok a rufe.

Idan fetur yana ɗiga daga kafireto, datti ne ya hana allura rufewa. Wannan yana da haɗari biyu: gobara, da kuma gangarawar fetur cikin baƙin mai. In an shinshina baƙin man aka ji warin fetur, lalle a canza shi kafin a sake tayar da injin.

Yadda ake wankewa

A kashe inji, a bari ya huce, a rufe famfon mai, a nisanta da wuta da taba. A shimfiɗa buhu mai tsabta a kan tire, domin ƙaramin jet in ya faɗa cikin yashi ya tafi ke nan. Da farko a kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin famfon mai, a zubar da laka da ruwan da suka kwanta. Sa'an nan a sassauta sukurun da ke gefen ƙoƙo, a tsiyaye man a kwalba mai haske. In da ruwa, za a gan shi ya kwanta a ƙasa, gama ya fi fetur nauyi. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

In bai isa ba, a sa sifana mai lamba 10 a kwance ƙoƙon, a fitar da jet da sukundireba wadda ta yi daidai da bakinsa. A wanke shi da fetur mai tsabta, a hura masa iska da famfon keke, a ɗaga shi wajen hasken rana a ga ko hudar ta buɗe. Kada a soka masa allurar ɗinki ko ƙusa. Jet na tagulla ne mai taushi, in hudar ta faɗaɗa inji zai dinga shan mai har ran da aka sayi sabo. In dattin ya ƙi fita, sili ɗaya na wayar lantarki mai laushi ya isa. A mayar da kome yadda aka same shi, kada a ɗaure da ƙarfin tsiya.

Ba kullum ne laifin kafireto ba

Kafin a kwance kome, a tabbata akwai mai a tanki, famfo kuma a buɗe yake. A duba fulogi, tazarar bakinsa ta zama milimita 0.7 zuwa 0.8. Wasu injuna suna da na'urar da ke kashe su in baƙin mai ya yi ƙasa, ko in an ajiye su a karkace a bakin rijiya. Haka kuma in inji yana tashi lafiya, ya yi 'yan mintoci ya mutu, a sassauta murfin tanki a gwada. In ya ci gaba da aiki, hudar numfashin murfin ce ta toshe.

Rigakafi

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023, mai ya zama babban kashin kuɗin lambu, don haka inji mai baƙin hayaƙi aljihun mai shi yake ƙonawa. Man da aka saya a galan ko kwalba a bakin hanya, a tace shi da ƙyalle mai tsabta, kada kuma a juye na ƙasan galan. Lokacin hazo a dinga wanke soson iska da ruwa da sabulu, a shanya ya bushe sarai, a ɗiga masa man inji mai tsabta, a matse. Matacin takarda kuwa ba a wanke shi, sai dai a kakkaɓe ko a canza. Kada a tayar da inji babu mataci ko da na yini ɗaya ne, gama ƙura tana cin fistin.

Fetur kuma yakan lalace in ya daɗe, wani lokaci cikin wata guda, ya bar danƙo a cikin jet. Saboda haka in damina ta faɗi za a ajiye inji, a juye tanki, a tsiyaye ƙoƙon kafireto, a rufe shi a wuri busasshe. Da kaka kuma, tun kafin a dasa iri, a fito da shi a gwada, in akwai abin saye a saya ran kasuwar Dambatta ko ta Bichi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Manomin da ya bari sai shuka ta ji ƙishirwa sa'an nan ya nemi bakanike, zai tarar da layin masu irin kukansa a gabansa.