Ɗalibin Hausa da Intabiyun Shiga Digiri na Biyu a Fannin Kasuwanci

Gabatarwa

Sau da yawa idan muna hira da 'yan'uwana ɗalibai a nan Lafiya, sai in ji ana cewa wanda ya karanta Hausa ba shi da mafita sai koyarwa ko aikin rediyo. Waɗannan ayyuka ne masu daraja, amma akwai wasu ƙofofin. Ɗaya daga ciki ita ce digiri na biyu a fannin tafiyar da kasuwanci, wato MBA, wanda aka fara a Jami'ar Harvard ta Amurka a shekarar 1908. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ganawar neman gurbin, wato intabiyu, take gudana, da inda al'adar magana ta Hausa za ta taimake mu ko ta taka mana birki.

Kafin a Kai ga Ganawa

A Nijeriya ana yin wannan karatu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero ta Kano, da sauransu. Galibi ana neman digirin farko, da shaidar yi wa ƙasa hidima, da sakamakon sakandare mai kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi. Wanda digirinsa bai shafi kasuwanci ba, kamar mu, akan nemi ya fara yin babbar difloma a fannin gudanarwa. Wasu makarantun takardu kawai suke tantancewa, wasu su ƙara da jarrabawa, wasu kuma sai sun zauna da mai nema ido da ido.

Yadda Ganawar Take

Kowane allazi da nasa amanu. A Harvard, sai wanda aka gayyata ake ganawa da shi, na tsawon minti 30, kuma mai tambayar ya riga ya karanta takardunsa kaf. Bayan an tashi, ana ba shi awa 24 ya rubuto abin da ya gani game da ganawar. A makarantar INSEAD ta Faransa tsofaffin ɗalibai ne suke yin tambayoyin. A Wharton kuwa, haɗa masu nema ake yi, biyar ko shida, a ba su matsala su tattauna, a ga wanda ya iya sauraro da wanda ke danne maganar wasu. Makarantar Kasuwanci ta Legas, wadda aka kafa a 1991, ita ma tana haɗa jarrabawa da ganawa.

Duk da wannan bambanci, tambayoyin ba sa wuce uku: wane ne kai kuma me ka taɓa yi, me ya sa kake son wannan karatu yanzu, sannan me za ka yi da shi idan ka gama.

Kunya da Yabon Kai

A nan ne gizo yake saƙar. Ni ba da Hausa na buɗe baki ba, a makaranta da kasuwar Lafiya na koye ta, kuma abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne kunya da kawaici. Bahaushe na cewa yabon kai jahilci. Yaro ba ya ƙura wa babba ido, kuma wanda ya yi abin kirki sai ya ce "mun ɗan taɓa". To amma mai tambaya yana da minti kaɗan, kuma abin da ka faɗa da bakinka shi zai rubuta. Idan ka sunkuyar da kai kana "mun yi, mun yi", zai ɗauka ba ka taka wata rawa ba.

A ganina, mafita ita ce a bambanta yabo da bayani. Kirari aikin maroƙi ne, shaida kuwa aikin wanda ya ga abu da idonsa. Idan ka ce "ni haziƙi ne", ka yabi kanka. Idan ka ce "na riƙe asusun ƙungiyar ɗalibai shekara guda, na tarar da bashi, na biya shi ta hanya kaza", ka ba da shaida, kuma babu dattijon da zai kira wannan rashin kunya. Don haka ka tanadi labarai uku ko huɗu daga rayuwarka, kowanne da matsalar da ta taso, da matakin da kai ka ɗauka, da abin da ya biyo baya.

"Me Ya Haɗa Hausa da Kasuwanci?"

Wannan tambaya za ta zo, kuma kada mai karatu ya ba da haƙuri a kan digirinsa. Amsar tana ƙofar gidanmu. Manomin Eggon ko Alago ko Mada da ya kawo doya ko riɗi kasuwa, da Hausa yake ciniki da ɗan kasuwar da ya zo daga Kano. Kamfanin da ke noman shinkafa a Rukubi ta ƙaramar hukumar Doma, ko bankin da ke son tallata bashi ga 'yan kasuwa, yana buƙatar wanda ya san yadda ake tayi, da ma'anar "albarka" a bakin mai kaya, da matsayin dillali da la'adarsa. Mu da muka yi nazarin ma'ana da fassara da sarrafa harshe, wannan jarinmu ne. Sai dai ganawar da Turanci ake yin ta, saboda haka a nemi aboki ya riƙa jefo tambayoyi ana amsawa da babbar murya, a kuma waiwayi lissafin kashi cikin ɗari da na riba da faɗuwa.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan ajin ƙarshe ita ce su fara tara shaidarsu tun yanzu, ko a ƙungiyar ɗalibai, ko a shagon iyaye, ko lokacin hidimar ƙasa. Da safe ake kama fara. Allah ya ba mu sa'a, amin.