Kwanar Hagu Ita Ce Jarrabawar Mahayin Keke

Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, kwanar hagu ta zama mafi haɗari ga mahayin keke. Dalili kuwa, a gefen dama yake tafiya. Kafin ya juya sai ya gitta gaban motocin da ke bayansa, sa'an nan na masu tahowa.

Saboda haka ma'aikaci ko ɗalibin da ya biyo titin Murtala Muhammed a Kano, ya fara shiri tun daga nesa. Ya waiwaya, ya miƙe hannun hagu sosai, ya sake waiwayawa, gama miƙa hannu roƙon hanya ne kawai. Sai direba ya sassauta zai matsa, layi ɗaya bayan ɗaya, ya kuma mai da hannu kan birki kafin ya karya kwana.

A kwanar dama kuwa, kada ya kutsa tsakanin babbar mota da bakin titi. Direban ba ya ganinsa, ƙafafun baya kuma sukan matso ciki su rutsa da shi.

In cunkoso ya yi yawa, ya sauka ya tura kekensa. Sannu ba ta hana zuwa.