Yadda ƙididdiga ke taimakawa wajen haɗa maganin ƙwari

Maganin ƙwarin da manomi ke saya a kwalba ba guba zalla ba ce. Sinadarin da ke kashe ƙwarin wani kaso ne kawai na abin da ke ciki, sauran kuwa mahaɗai ne da ke taimaka masa ya yi aiki.

Daga cikinsu akwai wanda ke narkar da gubar, da mai kama da sabulu da ke sa feshi ya bazu a kan ganye, da kuma mai sa kauri don kada maganin ya kwanta a gindin kwalba.

Idan aka kuskure ma'aunin waɗannan mahaɗai, maganin kan rabu gida biyu, ko ya toshe bakin injin feshi, ko ya zube ƙasa. Manomi ya yi asarar kuɗinsa, ƙwari su tsira, gubar kuma ta gangara cikin rafuka.

Matsalar gwaji ɗaya-ɗaya

A da, masu haɗa magunguna kan sauya mahaɗi guda, su bar sauran yadda suke, su ga abin da zai faru.

To sai dai mahaɗan suna shafar juna. Ƙarin sinadarin sabulu zai iya gyara magani mai ruwa-ruwa, amma ya ɓata mai kauri, kuma gwaji ɗaya-ɗaya ba ya nuna hakan.

Gwada kowane haɗi kuma aiki ne ja. Idan mahaɗai 7 ne, aka gwada kowanne a ma'auni biyu, kaɗan da mai yawa, za a sami haɗi 128.

Maganin wannan matsala ya samo asali ne daga gona. Ronald Fisher, wanda ya kama aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, ya nuna cewa sauya abubuwa da dama lokaci guda bisa tsari ya fi fito da gaskiya. Ya kuma nace kan maimaita gwaji, da jera shi ta hanyar ƙuri'a don kauce wa son zuciya.

A 1946, Robin Plackett da J. P. Burman suka fito da tsarin da ke tantance abubuwa 7 da gwaji 8 kacal, don gano waɗanda suka fi tasiri.

Neman ma'auni mafi kyau

Bayan an ware mahaɗai masu tasiri, sai a nemi gwargwadon kowanne. A nan ake amfani da hanyar da George Box da K. B. Wilson na kamfanin ICI suka wallafa a 1951.

Akan yi amfani da sakamakon gwaje-gwaje kaɗan a zana wata taswira mai tudu da kwari, inda ƙololuwar tudun ke nuna haɗin da ya fi inganci.

Da yake jimillar mahaɗai ba ta wuce kashi 100, ƙara wani na nufin rage wani. Henry Scheffé ya tsara lissafin da ya dace da hakan a 1958.

Daga cikin abubuwan da ake aunawa akwai juriyar zafi. Ƙa'idojin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar lafiya ta duniya sun tanadi a ajiye magani kwana 14 a zafin digiri 54, a ga ko zai lalace. Wannan na da muhimmanci ga ƙasashe masu zafi kamar Nijeriya da Nijar.

Akan kuma gwada shi da irin ruwan da sabulu ba ya kumfa a cikinsa sosai, kamar na wasu rijiyoyi.

Sai dai lissafin ba ya aiki sai a iyakar ma'aunan da aka gwada, kuma dole a tabbatar da hasashensa da sabon gwaji, sannan a kai maganin gona.

Wannan ne ya sa ake gargaɗin manoma kan gauraya magunguna biyu ba tare da umarnin da ke jikin kwalba ba, domin haɗi ne da mai yiwuwa babu wanda ya taɓa gwada shi.